Kafaɗar Manaja

Ranar wata Talata da safe hannun Manaja na dama ya ƙi hawa sama. Ta miƙa shi za ta ɗauko gwangwanin sukari a saman kabad, ya zo daidai ƙirjinta ya ci birki. Ta dube shi, ta sake gwadawa, ya sake tsayawa a nan. Manaja ba mai son doguwar magana ba ce, ko da da hannunta ne. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da sukarin da hagu, tunda kuma ta riga ta hau sai ta sauko da duk abin da ke saman kabad ɗin.

Mijinta ne ya laƙaba mata Manaja tun suna amarci, wai ko cokali ba ya motsi a gidan sai da izininta. Shi kuwa Direba kowa ke ce masa, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani ƙaton sito. Shekara bakwai da suka wuce ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bakin bai taɓu ba, abin da Manaja kan ce ikon Allah ne, kuma ba ka isa ka gane daga muryarta ko godiya take ko ƙorafi ba. Tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti ita ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, ta dawo da shi. Sau shida a rana, ranar da ya sha shayi da yawa sau takwas. Ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai ita. Mai gashin ƙashin da aka turo masa a watan farko zuwa biyu ya yi. A na biyun Direba ya tambaye shi ko ya taɓa ɗaga abin da ya fi jakarsa nauyi, bawan Allah bai sake dawowa ba.

Wata biyar ta yi tana ɓoye hannun. Tukwane suka sauko ƙasa, madubi ya sauko, ɗankwalinta ya koma ɗauri a karkace, maƙwabta suka ɗauka sabon yayi ne. Ta daina kwanciya ta dama. Abin da ya fi damunta a watannin nan ma ba hannun ba ne, gani ta yi Direba ya rage nauyi in ta ɗaga shi. Ta ɗauka ramewa yake, ta ƙara masa abinci. Da aka ɗora shi a ma'auni aka ce ya ƙaru da kilo uku, ta ce ma'aunin ne ya lalace.

Igiyar shanya ce ta tona mata asiri. 'Yarta Auta, malamar makaranta mai 'ya'ya uku, ta shigo gidan da saurinta kamar kullum, igiyar ta shaƙe ta a wuya. Ta tsaya tana tari, ta dubi igiyar da aka sauko da ita ƙasa-ƙasa, ta dubi tukwanen da ke jere a ƙasa, ta dubi uwarta.

“Umma, ɗaga hannunki.”

Manaja ta ɗaga na hagu.

“Ɗayan.”

“Aiki nake,” in ji Manaja, wadda ba ta riƙe da komai.

Sati uku bayan haka, an yi hoto an sake hoto, suna zaune a gaban likitan ƙashi. Mutum ne mai sanƙo da magana a hankali, yana da kafaɗar roba a kan tebur wadda yake juyawa yana bayani.

“Jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da kan ƙashin nan, Mama. Naki biyu sun yage gaba ɗaya, har sun fara ja da baya. Ta uku kuma tana shawara. Faɗuwa kika yi?”

“A'a.”

“Wane aiki kike yi?”

“Ba na aiki. Ina gida.”

Auta ta yi wani sauti ta hanci, Manaja ta harare ta.

Likita ya ce abin da ya fi so shi ne a shiga ta 'yan ƙananan huji, a jawo jijiyoyin a mayar da su wurinsu, a ɗaure su da ƙashi. In ya tarar sun yi siriri sai ya ƙara musu faci. Hannun zai yi sati shida a rataye a wuya, daga nan a shiga gashi, ba ɗaukar abu mai nauyi sai bayan wata shida. Bai yi mata alkawarin ɗinkin zai riƙe ba, ya dai ce yanzu akwai sauran dama.

“Wata shida,” in ji Manaja. “Ba ka da wani?”

Yana da su. Akwai wanda ake ciro jijiya daga baya a kawo ta ta yi aikin waɗanda suka yage, amma ya fi yi wa masu ƙuruciya, jinyarsa kuma ta fi tsawo. Manaja ta ce ya bar wannan, bayanta yana da nasa aikin. Akwai wanda ake cire gaɓar gaba ɗaya a sa ta ƙarfe, a kuma juya ta, ƙwallon ya koma inda kwanon yake, kwanon ya koma inda ƙwallon yake. Ya nuna mata da robar. Ya ce hannu zai tashi, amma ita da abu mai nauyi sun yi sallama har abada.

“Nauyi kamar kilo nawa?”

“Me kike son ki ɗauka?”

“Tamanin da biyu.”

Likita ya ajiye robar. “Buhu ne?”

“Mutum ne.”

Nan Auta ta kwashe labarin ta faɗa masa, sau shida a rana da shekara bakwai da komai. Likita ya saurara, ya shafa sanƙonsa. Manaja ta ce ai ta ji ana yin wani ɗan ƙarami, wata mata a layi ta gaya mata. Ya ce akwai, amma ba gyara ba ne. Shiga za a yi a share tarkacen da ke ciki, ciwo ya ragu, cikin ɗan lokaci ta koma harkokinta. Jijiyoyin kuwa za su ci gaba da ja da baya. In ta ci gaba da ɗaga mutum, bayan shekara ɗaya ko biyu ko ta dawo ba abin da zai samu ya kama ya ɗinke.

“Shi nake so,” in ji Manaja.

“Umma!”

“Ke ce likitan ko ke ce mai hannun?”

Ba taurin kai kawai ba ne, ko da yake tana da shi buhu-buhu. Ta san mijinta. Da babban ɗansu ya bugo waya daga garin da yake aiki ya ce zai samo mai jinya namiji, Direba ya ce madalla, a samo, amma a gaya masa ya zo da jarida, don shi ba zai tashi daga gado ba. Ta kuma san abin da gado ke yi wa mutum in ya yi wata shida a cikinsa, ta gani a asibiti da idonta: baya ya ɓare, ƙirji ya cushe, mutum ya narke a hankali. Tsoro take ji sosai, na hannun da na mijin, amma na mijin ya fi yawa. Ta auna ta ga hannu biyu gare ta, miji kuwa ɗaya.

Likita bai ja da ita ba. Ya rubuta mata rana, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: kafin ranar, mai gashin ƙashi za ta je gida ta ga yadda ake ɗagawar nan. Manaja ta ce ta zo, kallo ai ba ya ciwo.

A gida ta gaya wa Direba cewa ɗan datti ne ya taru a gaɓar, za a wanke.

“Kamar sabis,” in ji shi.

“Kamar sabis.”

“Ba abin da ya tsinke?”

“Ka ga na yi kama da abin da ya tsinke?”

Ya dube ta har ta ƙosa, sannan ya ce shayinsa ya huce.

Mai gashin ta zo ranar Alhamis da hantsi, tare da Auta. 'Yar ƙaramar mace ce, da ƙyar ta kai kafaɗar Manaja, takalminta fari fat. Ta gaishe da Direba har da rusunawa. Ya amsa yana kallon bango, ya ce yana fata an gaya mata ba a taɓa shi.

“Ba don kai na zo ba, Baba. Mama na zo gani.”

Wannan bai yi masa daɗi ba.

Ɗakin ƙarami ne. Gado a jikin bango, tebur mai ɗauke da magunguna da rediyo, taga ɗaya mai kallon katangar maƙwabta. Manaja ta zaunar da shi a bakin gado, ta turo keken ta ajiye a hagunsa, inda tayoyin suka riga suka yi wa leda shaida. Ta ja birki. Ta sunkuya ta cusa hannunta na dama ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, wadda ta shanye, ta damƙi bayan rigarsa. Shi kuma ya zagaya hannunsa mai lafiya a wuyanta, ya kwantar da kai a kafaɗarta. Ta ce bismillah, ta ciccibe shi, ta juya da shi wajen ƙafar da ba ta taka ƙasa, suka yi tsaye ƙirji da ƙirji na ɗan lokaci tana mayar da numfashi, sannan ta dire shi a keken. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ta juyo ta dubi mai gashin kamar mai jiran maki.

“Mama, wa ya koya miki wannan?”

Ba wanda ya koya mata. Ranar da za a sallame su asibitin ya cika, nas ɗin da za ta nuna mata aka kira ta wani ɗaki, ba ta dawo ba har motar da za ta ɗauke su ta iso. Amma Manaja ba ta zauna a banza ba a sati ukun da suka yi a can. A gadon da ke kusa da nasu akwai wani dattijo mai irin ciwon, matarsa kuma gwana ce. Manaja ta zuba mata ido safe da yamma har ta haddace komai: keke a hagu, birki, hannu a nan, juyawa haka.

“Shi dattijon wane ɓarin ne ya shanye masa?”

Manaja ta yi tunani. Ta tuna yana cin abinci da hagu, 'yan dubiya suna kawar da kai.

“Dama,” ta ce.

“Baba kuma hagu.”

Mai gashin ta yi bayani da muryar da ake gaya wa mutum zaninsa a bai-bai yake. Keke a ɓarin da ke da lafiya ake ajiye shi, don mutum ya taka ƙafarsa mai kyau ya juya a kanta. Matar can hagu ta ajiye saboda hagun mijinta ce mai rai. Ita kuwa Manaja shekara bakwai tana juya mutum wajen ƙafar da ba ta nan, duk nauyinsa a kan kafaɗarta ta dama.

“Ba mamaki jijiyoyin suka yage,” in ji ta. “Ni mamakina da suka kai haka. In aka yi wankin nan kawai kika ci gaba, hannun tafiya zai yi, Mama. Likita ya gaya miki ai.”

“Waɗanne jijiyoyi?” in ji Direba.

Manaja ta yi wa mai gashin wani kallo, amma magana ta riga ta fita. Auta ce ta ƙarasa, don dama tana cike. Ta ce biyu sun tsinke, ta ce akwai aikin da zai gyara amma Umma ta ƙi saboda wata shida, ta ce shekara ɗaya ko biyu ya rage. Tana faɗa tana kuka, tana jin haushin kukan.

Direba bai dubi kowa ba. Ya ce a mayar da shi bakin gado. Manaja ta matso, mai gashin ta tare ta da hannu, ita da Auta suka kama shi suka mayar, kuma karon farko cikin shekara bakwai bai hana a taɓa shi ba. Mai gashin ta tura keken ta zagayo da shi damarsa, tafiyar da ba ta fi taku uku ba. Ta ja birki.

“Yanzu Baba, ba zan taɓa ka ba. Ka matso bakin gado sosai, ka jawo ƙafarka mai kyau baya, sai ka miƙa hannu ka kama...”

Hannunsa ya riga ya kama. Hannun keken na can nesa ya kama, daidai wurin da ya kamata, tun ba ta faɗi wanne ba. Ya sunkuyo, ya tashi a kan ƙafa ɗaya, ya juya a kan diddige, ya sauka a keken a hankali, ba ko ƙara. Ya sa hannu ya ɗago matacciyar ƙafar ya ɗora a matakin, ya gyara rigarsa.

“Kai, Baba!” in ji Auta, tana tafi da hawaye a fuska. “Karon farko fa!”

Mai gashin ba ta tafa ba. Ta dubi Direba, ta dubi Manaja, ta ce tana da wani gidan da za ta je, Auta ta zo ta nuna mata inda ake samun mota.

Da suka fita Manaja ta ninke bargo. Ta jera magunguna waɗanda dama a jere suke. Ta zauna a bakin gadon, a wurin da ya tashi, da sauran ɗuminsa.

“Tun yaushe?”

“Me?”

“Kada ka sa in maimaita.”

Ya dubi silin. Ya ce shekara ta biyu ce. Ta tafi karɓo magani, layi ya riƙe ta, shi kuma cikinsa ya murɗa. Ya jawo keken da sanda, ya zo ta dama don ta nan ya iya jawo shi, ya gwada, ya ga ya yi. Kafin ta dawo ya koma gado ya tura keken inda ta bar shi.

“Shekara biyar ke nan.”

“Da 'yan watanni.”

“Kai da ka yi shekara talatin kana ɗaga kaya. Ka san inda nauyi ke sauka.”

“Na sani.”

“Ka ji hannun ya canza?”

“Na ji numfashinki ya canza. Na ɗauka tsufa ne. Sai na riƙa taka ƙafar a ɓoye ina rage miki. Ke kuma kika yi ta ɗura mini abinci.”

Ba ta yi dariya ba. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba a shekara arba'in na aurensu. Ta tuna sau shida a rana. Ta tuna bukukuwan da ba ta je ba, da jinyar ƙanwarta da ta yi ta waya. Ta tambaye shi dalili, da ƙaramar murya, don in ta ɗaga ta ba ta san inda za ta tsaya ba.

Da ya amsa, keken yake kallo.

“Da na faɗa, sai ki ajiye keken a dama ki ja birki ki tafi kicin. Na san ki, Manaja, ba kya aikin da ba a buƙata. Shekara talatin da uku kafin ciwon nan, da rana tsaka ba ki taɓa riƙe ni ba. Ni ma ban taɓa ba, ba na ce laifinki ba ne, haka muka tashi. Sai ga shi sau shida. Ban san yana yagewa ba. Wallahi da na sani. Ke ma ba ki faɗa ba.”

“Kada ka raba laifin nan biyu.”

“To.”

Ta tashi ta fita. A tsakar gida ta buga wa Auta waya, ta ce a gaya wa mai sanƙon a yi babban, na ɗinkin, da facin in ya ga dama. Auta ta fara hamdala, Manaja ta kashe wayar.

Kwana tara ta yi ba ta ce masa komai ba sai abin da ya zama dole. Takan ajiye keken a dama, ta ja birki, ta tafi kicin. Yakan tashi ya zauna da kansa, ya tura kansa banɗaki, inda ɗansu ya sa aka kafa ƙarfen kamawa a bango. Bai yi ƙorafi ba. Shayi ma ya rage. Ran na goma aka yi aikin, likita ya ce ya samu abin kamawa, ya ɗinke, ya sa faci, sauran kuma sai yadda ta kiyaye.

Ta dawo gida hannun a rataye a wuya, da wani matashi ƙarƙashin hammata wanda ya sa take shiga ƙofa a karkace. Auta ta tare a gidan da 'ya'yanta, ta hana ta ko ɗaga kofi. Manaja ta zama ba ta da aikin yi a gidan da take manaja, tana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki tana gano ƙura.

Safiya ta huɗu, bayan Auta ta kwashi yara sun tafi makaranta, ta tsaya a ƙofar ɗakin tana kallonsa. Ya matso bakin gado, ya jawo ƙafa, ya kama, ya tashi, ya juya, ya zauna. Ya ɗora matacciyar ƙafar a mataki. Ya ɗago ya gan ta.

“Shi ke nan, na zauna,” ya ce. “Je ki huta.”

Ba ta tafi ba. Ta shigo, ta duba birkin da ƙafarta, ta tsaya a gabansa.

“Tashi tsaye.”

“Yanzu na zauna.”

“Na ce ka tashi.”

Ya sauke ƙafar, ya dafa, ya miƙe a kan ta daman yana ɗan layi. Ta juya kafaɗar da aka ɗinke gefe, ta matso da hagunta, ta zagaya hannun a bayansa, ta jingina goshinta a ƙirjinsa.

“Ba ɗaukar ka nake ba,” ta ce cikin rigarsa. “Ka riƙe kanka. In ka faɗi barin ka zan yi a ƙasa har Auta ta dawo.”

“Na riƙe.”

“Har yanzu fushi nake.”

“Na sani.”

Ta ji ƙafarsa tana ɗan rawa ta cikin wando, ta ji numfashinsa a kan ɗankwalinta.

“Minti nawa take iyawa?”

“Biyu. In an matsa, uku.”

“To ka matsa,” in ji Manaja.